Kusugu da Gobarau: baƙo ya biya daidai da ɗan gida?

Baban Khalifa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Na ji a rediyo cewa gidan tarihin Louvre da ke Faris ya ɗaga kuɗin shiga daga Yuro 22 zuwa 32 daga Janairun 2026, amma ƙarin bai hau kan Turawan yankinsu ba, sai wanda ya zo daga waje irinmu. Amurka ma ta bi sahu: a manyan gandayen dajinta guda 11, baƙo zai ɗora Dala 100 a kan kuɗin shiga. To tunda masu kuɗin ma sun fara, mu me muke jira? A ganina rijiyar Kusugu da ke Daura da hasumiyar Gobarau da ke Katsina su samu tsayayyen farashi biyu. Ɗan ƙasa ya ba da naira 500, wanda ya zo da fasfo ya ba da kwatankwacin Dala 10. Me kuka gani?

Sarkin Tsokana:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai, wane baƙon? Yaushe rabonka da ganin Bature a Daura yana rataye da kyamara?

Alhaji Mai Atamfa:
Ni ina bayan Baban Khalifa ɗari bisa ɗari. Lokacin da na kai mahaifiyata asibiti a Indiya, da ta samu sauƙi muka leƙa Taj Mahal a garin Agra. Ɗan Indiya rufi 50 na kuɗin ƙasarsu yake biya, ni aka ce in kawo 1,100. Ku lissafa, ninki 22 ke nan. In kana son shiga ainihin ɗakin kabarin kuma ka ƙara 200. Wallahi ko gezau ban yi ba, na zaro na biya, domin a rubuce yake ɓaro-ɓaro a jikin taga, kuma an miƙo mini tikiti. Mutumin da ya iya sayen tikitin jirgi daga Kano zuwa Delhi ba rufi dubu ne zai hana shi barci ba. Haka shi ma wanda ya taso daga Jamus don ganin Kusugu, Dala 10 kuɗin shayinsa ne na safe.

Maman Ilham:
Alhaji, da girmanka, amma ni abin bai kwanta mini ba. Mu da aka san mu da karɓar baƙi? Tun muna yara in baƙo ya sauka, shi ake yanka wa kaza, mu a ba mu wuya da ƙafa. Yanzu kuma a ce mutum ya keto duniya don ganin tarihin kakanninmu, sai mu tare shi a ƙofa da lissafi?

Alhaji Mai Atamfa:
Hajiya, baƙon da ya sauka a gidanki daban, ɗan yawon buɗe ido daban. Wannan da kasafinsa ya zo. Otal ma ai ba kyauta yake kwana ba.

Ɗan Sarkin Magina:
Ku bari mai aikin ya yi magana. Ni gadon gini na yi, kuma abin da mutane ba su sani ba shi ne ginin ƙasa kullum cikin cin kuɗi yake. Gobarau ta kai wajen ƙafa 50, kuma ana danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ɗaruruwan shekaru ke nan. Kuna tsammanin da kanta ta tsaya? Kowace damina ruwa sai ya zaftare wani abu. Sai an nemo jar ƙasa mai kyau, a kwaɓa da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake takawa, sannan a hau a yi yaɓe. In ana son ya jure sai an bi da makuba. Azarar da gara ta ci sai an zare an sa wata, ga giginya yanzu ta yi wuya. Indararo ɗaya in ya toshe, damina guda ta isa ta tsaga bango tun daga sama har ƙasa. Yaran da suka iya wannan aikin kuma duk sun koma bulo da siminti, don can ne ake biyansu kullum. Ku dubi ganuwar Katsina, ina take? Wani wurin an ɗebe ƙasar an yi gini, wani wurin an kafa shago a kai. Saboda haka ni ba ruwana da ko daga aljihun wa kuɗin zai fito, Bature ko Bahaushe. A dai samo na yaɓe.

Almajirin Ƙofar Sauri:
Allah ya saka wa magini da alheri. Ta fuskar addini akwai abubuwa biyu da bai kamata a cakuɗa ba. Na farko shi ne cin jahilcin baƙo, wato ka ga mutum bai san farashin gari ba ka lafta masa. Wannan shari'a ta hana. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a tari ayari a bayan gari a saye kayansu kafin su iso kasuwa su ji farashi, kuma dalilin ke nan, kada a cuci wanda bai sani ba. Na biyu shi ne hukuma ta tsara kuɗi mabambanta a bayyane, kowa ya sani kafin ya shiga. Wannan yana da asali. Sayyidina Umar ya sanya wa fataken da ke shigowa daga ƙasashen da ba na Musulmi ba ushiri, ɗaya bisa goma, alhali Musulmi ɗaya bisa arba'in yake bayarwa, kuma ya yi hakan ne domin abin da ake karɓa ke nan daga fataken Musulmi in sun je can. Don haka in a rubuce yake, babu yaudara, ban ga haramci ba. Wallahu a'alam.

Baban Khalifa:
Madalla da Malam. Ramuwa ke nan. Ku tambayi duk wanda ya nemi bizar Turai: Yuro 90 zai biya, ta Amurka Dala 185, in an hana shi kuma ko kwabo ba a mayar masa. Mu ne za mu ji kunyar Dala 10?

Bamaradi:
Salamu alaikum. Tun ɗazu ina karantawa ina dariya. Baban Khalifa, ka ce wanda ya zo da fasfo. To ni ɗan Nijar ne, katina na Nijar ne, kuɗin aljihuna sefa ne. Wane layi za ka sa ni?

Kafin ka amsa bari in tuna maka. Da aka yi jihadi aka ci Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe arewa suka yi, su ne suka kafa Maraɗi. Har gobe sarautar garinmu Sarkin Katsina ake ce mata. Kakannin da suka yi salla a gindin Gobarau nawa ne kamar yadda suke naka. Gobirawan Tsibiri kuma fa? Gobir na cikin Hausa Bakwai, in labarin Bayajida da macijiya ake bi, rijiyar nan tasu ce tun kafin a san wani abu wai shi Nijeriya. Turawa biyu suka zauna suka ja layi a takarda, yau kuma jikan Korau zai biya kuɗin Bature don ya ga ɗakin kakansa?

Sarkin Tsokana:
Tirƙashi! Baban Khalifa, fito ka amsa. Kada ka ce caji ya ƙare.

Baban Khalifa:
Haba ɗan uwa, ai kowa ya san ba ku ake nufi ba. Sai a ce 'yan ECOWAS su biya kuɗin gida.

Bamaradi:
Mun fita daga ECOWAS tun Janairun 2025, mu da Mali da Burkina. Sake lale.

Direban Kongolam:
Hahaha. Wallahi Bamaradi ya kama ku. Ni kullum a kan hanyar nan nake, Daura zuwa Kongolam, wani lokaci har Maimujiya. Rabin fasinjana ban isa in ce maka wannan na nan ne ko na can ba. Mace gidan mijinta na wannan gefe, gidan ubanta na wancan. Ranar sallar Gani ku zo ku ga motocin da ke shigowa daga Damagaram da Magarya. In sun gama kallon hawa, Kusugu suke nufa, a jefa guga a jawo musu ruwa su sha, su shafa wa yara a ka, wata tsohuwa ta cika 'yar jarka ta ƙulle bakin da leda ta kai wa jikoki tsaraba. Waɗannan su ne baƙin ƙasar waje da muke da su a zahiri, ba masu kyamara ba. Tsohuwar da ta haɗa kuɗin mota da kyar za ka ce wa ta kawo Dala 10? In layin dogon Kano zuwa Maraɗi ya kammala, wanda zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya, su ne dai za su ƙaru.

Ɗalibi a Alƙahira:
Gaisuwa ga iyaye da yayye. Abin da Bamaradi ya faɗa ni na gan shi a nan. A dalar Giza farashi biyu ne, amma kafin 2026 na gida ba na Misirawa kaɗai ba ne, har da sauran Larabawa. A lokacin abokin karatuna ɗan Sudan da kuɗin gida yake shiga, ni kuwa da muke cin wake ɗaya a ɗaki ɗaya layin baƙi nake bi, inda farashin ya kai wajen ninki goma. Abin da ke cetona katin ɗalibi, da shi ake rage mini rabi. Attajirin da ya zo daga Dubai ya biya kaɗan, ɗan malamin makaranta daga Mashi ya biya da yawa. Shi ya sa nake ganin fasfo ba ya nuna nauyin aljihu.

Amma akwai ƙasashen da suka gyara abin da hawa uku. A Ruwanda, ganin gwaggon biri a dajinsu Dala 1,500 ne ga baƙo, ɗan ƙasa da ɗan Gabashin Afirka Dala 200, sauran 'yan Afirka 500. Indiyar da Alhaji ya ambata ma tana da na tsakiya, maƙwabta irin su Bangladesh da Nepal rufi 540 suke biya. Mu ma sai a ce Nijeriya da Nijar hawa ɗaya, sauran Afirka hawa na biyu, na nesa hawa na uku.

Bamaradi:
Yanzu na ji magana. Allah ya ba da sa'ar karatu, ƙanena.

Maman Ilham:
To Bahaushen Kumasi fa, ko na Sudan da kakansa ya tafi Makka a ƙasa ya zauna a hanya? Kuma wa zai tsaya tantancewa? Mutanenmu na ƙauye nawa ne ke yawo da katin ɗan ƙasa a aljihu? Ƙarshenta mai tsaron ƙofa fuska zai riƙa kallo. Buzu ya zo a ce baƙo ne, Balaraben da aka haifi kakansa a Kano a ce baƙo ne, ɗan Daura da aka haifa a Landan mai fasfon Birtaniya kuma ya wuce da naira 500 saboda ya iya cewa ina kwana.

Ni damuwata ma ba nan take ba. Ina koyarwa a firamare, kuma mu ne muke cika wuraren nan, mu da masu bautar ƙasa. In za mu fita da yara sai mun yi wata guda muna bin iyaye kan kuɗin mota. Akwai yaran da aka haifa a cikin garin Katsina, sun gama aji shida ba su taɓa taka tsohuwar Kwalejin Katsina ba, makarantar da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu kafin a mayar da ita Kaduna, daga baya Zariya ta zama Barewa. Ranar da na kai 'yan ajina, wani yaro ya tsaya yana shafa bangon ajin da tafin hannu, ya ce Malama, ashe su ma a ɗakin ƙasa suka yi boko? In za a yi doka, a fara da cewa ɗan makaranta kyauta ne. Louvre ɗin da ake ta ambato ma ai duk wanda bai kai shekara 18 ba ba ya biya, ko daga ina ya zo.

Alhaji Mai Atamfa:
To ai Hajiya kin dawo hanyata. Kuɗin baƙon ne zai ɗauki nauyin yaran naki.

Sarkin Tsokana:
Alhaji, baƙo nawa? Na tambaya tun farko an share ni. Ofisoshin jakadancinsu sun ce musu kada su zo jihar nan saboda 'yan bindiga. In Turawa goma suka zo a shekara, Dala 100 ke nan. Ɗan Sarkin Magina, za ta yi maka yaɓe?

Ɗan Sarkin Magina:
Ko ƙasar ba za ta kawo ba.

Lauyan Unguwa:
Ku ba ni dama in shigo. Akwai wata fadar tarihi a Japan, a garin Himeji. A 2024 magajin garin ya kawo shawarar a ninka wa 'yan ƙasar waje kuɗi, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Da suka zauna sai suka sauya ma'auni: mazaunin garin ya biya yen 1,000, duk wanda ba mazauni ba, ko Bajapane ne, ya biya 2,500. Hujjarsu ita ce mazauna garin ne ke biyan harajin da ake gyaran wurin da shi. Wannan hujja ta fi ta fasfo ƙarfi, kuma mu ma mun saba da irinta, tunda a jami'o'in jihohi ɗan jiha da wanda ba ɗan jiha ba ba kuɗi ɗaya suke biya ba.

Sai dai ku lura da inda za ta kai mu. In aka bi ta, Bakano da Bazazzagi da Bayarabe duk sun zama baƙi a Kusugu. Kun yarda? Domin ni na san in aka ce Badauri ya biya ninki biyu a Gidan Makama na Kano, wannan zauren ba zai kwana lafiya ba.

Baban Khalifa:
A'a, ban da wannan. Ɗan Nijeriya ɗan Nijeriya ne.

Bamaradi:
Bayaraben Legas ɗan gida, Bakatsinen Maraɗi sai an yi taro a kansa. Allah mai iko.

Goggon Yara:
'Ya'yana, ni tsohuwa ce, jikata ke rubuta mini. Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Farashi biyu ai tuni ana yin sa, ba a rubuta ba ne kawai. Bara ɗan ƙanwata ya zo da abokin aikinsa, wani Bature mai son tarihi, na bi su wani wurin tarihi da ba zan faɗi suna ba. Mu aka karɓi abin da aka saba. Da aka ga farar fata sai aka shiga raɗa, aka ce nasa daban, aka faɗi wani kuɗi da ni kaina sai da na riƙe baki. Ya biya. Ya ce a ba shi rasit, aka ce littafin ya ƙare. Da ya ɗaga waya zai ɗauki hoto aka ce wannan ma da kuɗinsa. Muna fitowa wani ya biyo mu wai shi ne ya yi bayani, a sallame shi. Mutumin nan bai ce uffan ba, amma a mota ya tambayi ɗana, cikin ladabi, ko kuɗin gyaran wurin ake yi da su, don ya ga rufin yana yoyo. Wallahi kunya ta hana ni ɗaga kai har muka iso gida. Da a allo aka rubuta, ko ninki ashirin ne, da ba abin kunya.

Almajirin Ƙofar Sauri:
Wannan da Goggo ta faɗa shi ne kashi na farko da na ce shari'a ta hana, babu ko tantama.

Malamin Tarihi:
Goggo, Allah ya ƙara girma. Abin ya daɗe. Barth, Bajamushen nan da ake kira Abdulkarim, da ya iso Katsina a 1851 zamanin Sarki Muhammadu Bello, sai da aka riƙe shi kwanaki ana ja-in-ja kan kyautar da zai bayar kafin a bar shi ya wuce Kano, kuma ya rubuta abin, duniya na karantawa har yau. Na yanzu ba sai ya rubuta littafi ba, kafin ya kai masauki ya sa a intanet.

Sannan a riƙa bambancewa, wuraren nan ba hannu ɗaya suke ba. Gidan tarihin da ke tsohuwar kwaleji na hukumar gidajen tarihi ta tarayya ne, wasu wuraren jiha ke kula da su, wasu kuma masarauta na da ta cewa. Ko an amince da shawarar Baban Khalifa, ba ƙofa ɗaya za a ƙwanƙwasa ba. Ga kuma kaburburan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, waɗanda da yawa daga cikinmu ko hanyar ba su sani ba, balle a yi maganar tikiti.

Direban Kongolam:
Ni dai in za a karɓa, a yi ta POS ko a tura asusu, kada kuɗi ya taɓa hannun kowa. Mu a tasha mun san abin da ke faruwa da kuɗin da ba rasit.

Ɗalibi a Alƙahira:
A nan ma yawancin manyan wuraren sun daina karɓar tsabar kuɗi, sai kati. Kuma Ruwanda kashi 10 cikin ɗari na kuɗin gandun daji ana mayar wa ƙauyukan da ke kewaye, a gina musu aji ko asibiti. In makwabtan Kusugu suka san suna da kaso, su da kansu za su hana a zubar da shara a bakin wurin.

Maman Ilham:
Kati kuma? Tsohuwar Magarya mai jarka wane kati gare ta?

Alhaji Mai Atamfa:
Ita a bar ta ta shiga, Hajiya, wa ya ce a hana ta? Ni fa har yanzu ina kan bakana. Ko Bature ɗaya ne a shekara, ya biya fiye da ni. Ba don kuɗin ba, don a san abin namu yana da daraja. Abin da aka samu a arha ba a ganin girmansa.

Lauyan Unguwa:
Alhaji, daraja ba a allon farashi take ba. Ka karɓi Dala 10 a hannun mutum, ya nemi bayan gida babu, ya nemi mai yi masa bayani da harshen da yake ji babu, ya nemi 'yar takardar tarihin wurin babu. Wanda ya biya da yawa zai tambayi da yawa. Mun shirya amsa masa?

Alhaji Mai Atamfa:
Sai a fara karɓa sannan a gyara.

Lauyan Unguwa:
Sai a gyara sannan a fara karɓa.

Sarkin Tsokana:
Ku biyun nan ko a lahira aka haɗa ku layi ɗaya sai kun yi musu.

Baban Khalifa:
To jama'a, ni zan zauna da Malamin Tarihi mu rubuta takarda, mu ga ko za a samu wanda zai shigar mana da ita fada da kuma ma'aikatar da abin ya shafa. Zan sa allo a ƙofa, rasit, 'yan makaranta kyauta, da hawa uku irin na ɗalibinmu. Dala 10 ɗina dai ba zan cire ba.

Bamaradi:
Ka turo nan mu gani kafin ka kai. Kuma ka rubuta Nijar da sunanta, kada ka ce maƙwabta, don gobe wani mai tsaron ƙofa zai ce bai san da mu ba.

Goggon Yara:
A rubuta allon da Hausa da boko da ajami, yadda kowa zai karanta da idonsa.

Ɗan Sarkin Magina:
Ku sa layi ɗaya a kan cewa kuɗin yaɓe a fitar da shi tun watan Maris. In aka bari sai hadari ya haɗu, ko an ba ni miliyan ba na hawa bangon nan.